Daga Jos Zuwa Matsirgar Ruwa Ta Assop: Tafiyar Yini Guda

Matsirgar ruwa ta Assop tana gindin Hawan Kibo, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Jos zuwa Akwanga da Abuja, tafiyar kimanin kilomita 60 daga babban birnin Jihar Filato. Wanda ya yi sammako zai je ya sha kallo, ya komo gida kafin magariba.

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa ake fita da rigar sanyi ko da bazara. Daga nan hanya ta ratsa Bukuru, inda matafiyi zai riƙa ganin kududdufai da tulin jar ƙasa, ragowar haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara tun farkon ƙarni na 20. Ruwansu kwance yake gwanin sha'awa, amma zurfinsu ya wuce yadda ido ke zato, kuma sun sha cin rayukan yara da dabbobi. Ba wurin wanka ba ne.

Bayan an wuce Mararrabar Jama'a sai fili ya buɗe: gonakin acca da dankalin Turawa, da ƙauyukan Berom kewaye da shingen kerana. A Riyom ne ake tsayawa kallon duwatsun nan da suka hau kan juna kamar wani ya jera su da hannu, alhali ikon Allah ne, ruwa da iska suka sassaƙe su tsawon zamani.

Hawan Kibo shi ne wurin da muka fi so direbobi su natsu. A nan tudun Filato ya ƙare, hanya ta gangara tana lanƙwasa a jikin dutse, ƙasar kudu kuma ta bayyana shimfiɗe har iyakar gani. Kyan wurin ne ke ɗauke hankali, ga manyan motoci masu kaya da birki kan ƙwace musu. An yi asarar rayuka da yawa a wannan gangara. A duba birki da tayoyi tun daga Jos, a sauka da ƙaramin giya, kada a wuce wata mota a kwana. Mai son ɗaukar hoto ya haƙura sai ya isa ƙasa.

Daga bakin titi zuwa matsirgar tafiyar ƙafa ce kaɗan. Tun kafin a ga ruwan ake jin rugugin sa. Yana zubowa ta kan duwatsu zuwa wani tafki da itatuwan kurmi suka yi wa inuwa, kuma sanyin wurin daban yake da zafin da ake ji a gindin hawan. Ruwan ya fi ƙarfi a watannin Yuli zuwa Satumba, sai dai a lokacin ne duwatsun ke yin gansakuka da santsi, kuma ruwan sama da aka yi can bisa tudu yakan cika kogin farat ɗaya ko da babu hadari a ƙasa. A ganinmu Oktoba da Nuwamba sun fi dacewa da masu zuwa da iyali. Takalmin roba mai kama ƙasa ya fi silifa.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai, abin lura shi ne itatuwan bakin kogin. Su ne ke riƙe ƙasa da ruwa. In aka sare su don gawayi ko aka saki wutar daji da rani, zaizaya za ta cike tafkin da yashi, masu sayar da ayaba da gasasshiyar masara a bakin hanya su rasa baƙi. Yankin Riyom ya sha fama da rikici a shekarun baya, don haka muna shawartar baƙi su tambayi halin hanya kafin su taso, su gaida mutanen gari idan sun iso, su kuma kama hanyar komawa da la'asar.