Allon Zamiya: Abin Wasan da Ake Kora a Titi, Ake Rataya a Bango

Ranar 14 ga Mayu, 1965, mujallar Life ta Amurka ta fito da hoton wata budurwa 'yar shekara 19, Patti McGee, a bangonta. Ta dafa hannu biyu a kan wani ɗan katako mai taya huɗu, ƙafafu a sama, kai a ƙasa, katakon kuma yana tafiya da ita. Ita ce zakarar matan ƙasar a wasan a lokacin. Amma rubutun da ke bangon bai tsaya ga yabo ba, ya ce abin ya zama yayi, ya kuma zama barazana. Haka allon zamiya ya rayu tun daga nan: hukuma da iyaye na korarsa, masu kyamara da masu talla na binsa a guje.

Asalinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. A shekarun 1950, samarin gaɓar tekun Kalifoniya masu hawan igiyar ruwa, in teku ta kwanta, sai su ɓalle tayoyin takalmin zamiya su buga a jikin katako, su gangara titi. Kamfanin Roller Derby ya fara sayar da ƙirar masana'anta a 1959. Tayoyin farko na ƙarfe ne, na bayansu kuma masu tauri ne kamar yumɓu, tsakuwa ɗaya ta isa ta jefar da yaro. Likitoci suka yi ta gargaɗi, garuruwa suka sa dokar hani, kafin ƙarshen 1966 kasuwar ta mutu murus.

Sai dai kafin ta mutu ta bar wani ɗan gajeren fim da ya kamata a riƙa tunawa da shi. Noel Black ne ya shirya Skaterdater a 1965, babu hira ko ɗaya a cikinsa, sai kiɗa da ƙarar taya. Labarin jagoran wasu yara ne masu zamiya ba takalmi, wanda ya yi karo da wata yarinya mai keke, hankalinsa ya koma kanta, abokinsa ya ƙalubalance shi a gangaren tudu, ya sha kaye, ya tafi da yarinyar. Fim ɗin ya ci babbar kyautar gajerun finafinai a bikin Cannes na Faransa a 1966. Abin da ya burge ni a cikinsa shi ne, tun wasan yana jariri aka riga aka mai da shi alamar ƙuruciyar da ke shirin wucewa. Wannan kewar ce masu talla suke sayarwa har gobe.

Abu biyu suka farfaɗo da wasan. A farkon shekarun 1970 Frank Nasworthy ya kawo tayar roba mai kama ƙasa, sannan farin da aka yi a Kalifoniya a 1976 da 1977 ya sa masu gidaje suka bar kududdufan ninƙayarsu ba ruwa. Yara irin su Tony Alva da Jay Adams suka riƙa haura katanga suna zamiya a cikin ramukan siminti. Yayin ya kai har ga manya. Farrah Fawcett ta hau allo a shirin talabijin na Charlie's Angels, shi kuwa tsohon gwanin rawa Fred Astaire ya karya wuyan hannu a kan allo yana da shekara saba'in da doriya. A can Norway gwamnati ba ta ga abin dariya ba: daga 1978 zuwa 1989 haramun ne a shigo da allon, a sayar, ko a hau. Yaran ƙasar suka koma kafa wuraren zamiyarsu a ɓoye cikin daji.

A wannan zamanin ne aka fara zane a cikin allon, wato gefen da ke kallon ƙasa. Wes Humpston da hannu yake zana nasa ɗaya bayan ɗaya. A 1985 Jim Phillips ya zana wa kamfanin Santa Cruz wani shuɗin hannu, yankakke daga wuyansa, da baki a tsakiyar tafin yana kurma ihu. Har yau ana buga shi a riguna da huluna, wasu ma har a fatar jikinsu. A ganina nan ne ainihin fasahar wannan wasa take, domin zane ne da aka yi shi don ya goge. Mai allo ya saya ne saboda hoton, amma duk lokacin da ya goga cikin allon a bakin dakali ko ƙarfen matakala, wani yanki na hoton ya tafi. Allon da zanensa ke nan garau, ba a yi wasa da shi ba ke nan.

Shekarar 1985 ɗin ce kuma ta kawo Back to the Future. Jarumin fim ɗin ya tsinci kansa a 1955, 'yan iska suka biyo shi da mota, ya karɓi keken akwati daga hannun wani yaro, ya ɓalle akwatin, ya tsere a kan katakon da ya rage. A kashi na biyu, a 1989, sai ga allo mai tashi sama ba taya, da tambarin kamfanin Mattel a jiki. Daraktan, Robert Zemeckis, ya faɗa da wasa cewa allon gaskiya ne, iyaye ne suka hana a sayar, yara kuwa suka yi ta buga wa Mattel waya. Sai a 2015 kamfanin motoci na Lexus ya ƙera irinsa don talla kawai, kuma ba ya tashi sai a wani fili kusa da Barcelona da aka binne maganaɗisu a ƙarƙashinsa. Tsakanin nan an ga Bart Simpson yana ratsa gari a kan allo a buɗewar shirin zanen talabijin da yake fitowa a ciki, an kuma ga wani kare mai suna Tillman yana zamiya a tallar iPhone ta 2007. A 2020 wani ma'aikaci a jihar Idaho, motarsa ta mutu, ya ɗauki kansa a bidiyo yana tafiya aiki a kan allo da gorar abin sha ta kamfanin Ocean Spray a hannu. Kamfanin ya ba shi sabuwar mota.

A watan Janairun 2019 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da alluna 248 na kamfanin Supreme a kan dala 800,000, ciki har da masu zanen Damien Hirst da Jeff Koons. Ba a taɓa ɗaura musu taya ba. Ban ga laifin mai son zane ba, amma abin yana ci mini rai idan na tuna da abin da ya faru a Philadelphia. Dandalin LOVE Park na birnin ya yi suna a duniya saboda masu zamiya, har aka kawo gasar X Games garin a 2001 da 2002, birnin ya ci riba, amma a dandalin kansa dokar hani aka tsaurara. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. A 2002 Edmund Bacon, masanin tsara birane da ya fara kawo tunanin gina dandalin, ya je wurin yana da shekara 92, ya sa hular kwano, aka riƙe shi ta gefe da gefe, ya hau allo a gaban 'yan jarida don ya karya dokar da gangan. Kamfanin DC Shoes ya yi tayin dala miliyan ɗaya a 2004 in za a bar yara su dawo, hukumar birnin ta ƙi. A watan Fabrairun 2016 ne magajin gari ya ɗage dokar na 'yan kwanaki, yara suka cika wurin cikin tsananin sanyi, daga nan aka killace dandalin aka rushe shi don sabon gini.