Tantance nau'in kifin damsel

Kifin damsel suna ne da ake kiran yawancin kifayen dangin Pomacentridae, waɗanda ke rayuwa a ruwan gishiri, musamman tsakanin duwatsun murjani na tekunan Indiya da Fasifik da yankin Karibiyan. Dangin yana da nau'o'i kusan 400. Sunan ya fito ne daga wata tsohuwar kalmar Turanci mai nufin budurwa, sai dai halin kifin bai dace da sunan ba: da yawansu mafaɗata ne, sukan kame wuri su kori duk kifin da ya matso. Shi ya sa masu kiwon kifin ado a tankin gilashi ke buƙatar sanin nau'in da suka saya, domin sunan da ake sayar da shi a kasuwa sau da yawa yakan haɗa nau'o'i daban-daban.

Alamomin dangi

Kifin damsel yana da ƙaramin baki da jiki mai faɗi, kuma yawancinsu ba su wuce santimita 15 ba. Yana da ƙofar hanci ɗaya a kowane gefe, alhali yawancin kifaye biyu gare su. A nan ya yi tarayya da karfasa, amma ƙayoyin fiffiken ƙasa da ke kusa da wutsiya biyu ne a damsel, a karfasa kuwa uku.

Matsalar launi

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, kuma shi ne ya fi yaudara. A nau'o'i da dama ɗan kifin ba ya kama da babba ko kaɗan, ga shi kuma ƙanana ake kawowa kasuwa. Neoglyphidodon oxyodon yana ƙarami baƙi ne mai zane-zane shuɗaye masu sheƙi, idan ya girma sai zanen ya dushe ya koma baƙi-baƙi, faɗansa ya ƙaru. Dascyllus trimaculatus yana da fararen ɗigo uku da ke ɓacewa da shekaru. Microspathodon chrysurus na Karibiyan yakan tashi daga shuɗi mai ɗige-ɗige zuwa ruwan ƙasa mai ɗorawar wutsiya. Tsoro da hasken fitilar tanki su ma suna sauya launin, don haka hoton da aka ɗauka ranar da aka kawo kifi ba abin dogaro ba ne.

Nau'o'in da ake rikitawa

Dascyllus aruanus da Dascyllus melanurus duk farare ne masu baƙaƙen layuka, amma wutsiyar na farko fara ce, ta na biyu baƙa. Chromis atripectoralis ya bambanta da Chromis viridis da baƙin tabo a gindin fiffiken gefe. A Chrysiptera parasema launin ɗorawa yana tsayawa wajen wutsiya, a Chrysiptera hemicyanea kuwa yakan bi ciki. Abudefduf saxatilis da Abudefduf vaigiensis sun yi kama ƙwarai, kowanne da layuka biyar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce sanin inda aka kamo kifin: na farko daga Atlantika, na biyu daga Indiya da Fasifik.

Hanyar masana

Masana sukan ƙirga ƙayoyin fiffiken baya, su duba siffar haƙora da gefen ƙashin kumatu. Jinsin Stegastes yawanci yana da ƙayoyi 12, Pomacentrus kuma 13. Wannan ƙirga tana da wuya a kifi mai rai, sai an sami hoto daga gefe lokacin da ya buɗe fiffike. Littafin Gerald R. Allen mai suna Damselfishes of the World, wanda ya fito a 1991, yana cikin waɗanda ake komawa gare su, ko da yake an bayyana sababbin nau'o'i bayan fitowarsa.