Shekarar Aji Ɗaya a Unguwar Rimi

Masu rubuta tarihin ilimin boko a Arewa sun fi son hawa sama. Za su ba ka labarin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, yadda ta dawo Kaduna a 1938, ta wuce Zariya a 1949 har ta zama Barewa, su jero maka Sardauna da Tafawa Ɓalewa da sauran manyan da ta yaye. Da wuya ka ji an tsaya a kan aji ɗaya, ajin majina da kuka, alhali kowane ɗayansu sai da wani malami ya kama masa hannu ya rubuta baƙin farko. Ni a Unguwar Rimi na zauna wannan aji ina yaro, a nan kuma na dawo na tsaya gabansa da alli a hannu, don haka nake ganin ya cancanci a ba da tarihinsa.

Asalinsa a Kano yake. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, da Hausa kuma yake koyarwa, cikin rubutun boko. A kan wannan tubali En'e-En'e suka gina makarantun elemantare na shekara huɗu. Sai aka tarar yaro ya iya haɗa baƙi amma babu abin karantawa. Wannan ƙishirwa ce ta sa ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga baya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fito a Janairun 1939. Zuwa lokacin da Alhaji Isa Kaita yake Ministan Ilimi na Jihar Arewa, wanda titin da ke ratsa yankinmu yake ɗauke da sunansa, firamare shekara bakwai ce: huɗu a ƙarama, uku a babba. Kaduna ba birnin sarauta ba ne, garin ma'aikata ne da ya zama hedikwatar Arewa a 1917, saboda haka makarantun mishan da na gwamnati suka taso kafaɗa da kafaɗa. Dokar ilimi ta 1962 ce ta kawo hukumomin ilimi na yanki, shi ya sa har gobe mutanen Kaduna suke kiran firamaren gwamnati da El'i'e.

A wancan zamani shekarar karatu a Janairu take farawa, tsakiyar hunturu. Ba a tambayar takardar haihuwa, don kaɗan ne suke da ita. Hedimasta zai sa yaro ya ɗaga hannun dama ya ƙetara ta saman kai ya kamo kunnen hagu. In yatsu sun kai, an rubuta suna a rajista. In ba su kai ba, sai ya dubi uban ya ce, "Malam, a yi haƙuri, sai baɗi in Allah ya kai mu." Ni na kamo nawa a Janairun 1973, da kaushi a ƙafa da man shanu a leɓe.

Ajinmu Kaduna ce a dunƙule. Akwai 'ya'yan masinjoji da kuku da direbobin da ke aiki a gidajen manyan ma'aikata na Ji'ar'e, akwai Gwarawa masu ƙasa, akwai Nufawa da Yarabawa da Bajju da Kataf, da 'ya'yan Ibo da iyayensu suka dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Da Hausa muke faɗa, da ita muke shiryawa, da ita kuma malaminmu ya fara da mu. Makonnin farko ko allo ba a ba mu ba. Waje yake fitar da mu, kowa ya share ƙasa da tafin hannu ya zana wasali da yatsa, shi kuma yana bin layi yana goge na wanda ya karkace da tsinin takalminsa. Mu da muka fito daga makarantar allo muna da wata matsala tamu: hannunmu ya saba tashi daga dama. Sai ya aza tsakuwa a gefen hagu na gurbin kowa, ya ce daga wajen dutsen nan za ka tashi. Bayan wasula sai baƙaƙe, sai auren baƙi da wasali, ba be bi bo bu, sai masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda yaran da ba Hausa ce harshen gidansu ba suke shan fama da su kafin kunnensu ya raba bari da ɓari. Kafin zafin bazara ya sauka an raba mana Ka Koyi Karatu. Matakala ce aka jera da gangan: daga shi sai Ka Ƙara Karatu, sai Ka Yi Ta Karatu, wanda ya haye su kuwa Magana Jari Ce tana jiransa a aji na gaba.

Lissafi da marafan kwalba muke yinsa, da tsakuwa da guntayen kara, kowa da ƙunshinsa a tsumma. Shekararmu ta zo da sauƙin da yayyenmu ba su samu ba. Su sun haddace kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, ga ahu ga taro ga sisi ga nai. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta shigo, kwabo ɗari cif. A aji goma-goma muke ƙirgawa, amma in an fita tara, mai ƙosai a bakin shinge da sisi da taro take ciniki, kuma ta daɗe ba ta daina ba.

Karatu bai cinye ranar duka ba. Da safe akwai tsintar shara da duban farce da haƙora. Akwai aikin hannu, inda manya suke tufka igiya da saƙa faifai, mu ƙanana a ɗebo mana yumɓu daga bakin kogin Kaduna mu gina shanu da 'yan tukwane a shanya a taga. Ruwan farko na sauka kowane aji ya karɓi kunyarsa a lambun makaranta, a shuka gyaɗa da kuɓewa, malam ya sa mu auna tsiro da tsinke. A Mayu kuwa hankali duk yana kan macin ranar yara ta 27 ga wata, a filin sukuwa da aka mayar Dandalin Murtala bayan 1976. 'Yan aji ɗaya ba sa cikin sahu, amma babu wanda ya kai mu buga ƙafa a bayan aji. A ƙa'ida shekara sai ta kai Disamba, a ci gyaɗar lambu da kaka, a yi jarrabawa, a kira na ɗaya zuwa na ƙarshe a gaban kowa. Tamu ba ta kai ba, domin a shekarar ce gwamnati ta mayar da farkon shekarar karatu Satumba, aka ciyar da mu gaba da rabin shekara. Duk da haka yawancinmu mun shiga aji biyu muna iya karanta gajeren labari da Hausa, mu kuma rubuta sunanmu da na ubanmu.

Satumbar 1976 ce ta sauya komai. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato Yufi'i. An yi shirin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, kusan miliyan 3 suka zo. Niyyar alheri ce, kuma ba zan taɓa zaginta ba, don 'yan mata da yawa a unguwarmu ta wannan ƙofa suka shiga. Amma malamai ba sa tsirowa a damina ɗaya. Aka yi ta horar da mutane a gurguje, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna a shekarar don ta riƙa cike giɓin, firamare ta koma shekara shida, wasu makarantu suka raba yara 'yan safe da 'yan rana. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta rubuta abin da malaminmu yake yi tun tuni, cewa a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko, Turanci ya zama darasi kafin ya karɓi ragama. Takarda ta faɗi daidai a lokacin da aji ya fara kasa ɗaukarta.

Da na dawo da takardar malanta ta Giredi Tu a ƙarshen shekarun 1980, ajin da aka ba ni ya ninka wanda na zauna, rabinsa a ƙasa, ga tsadar da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga albashi sai an ga dama. Littattafan Hausa sun ƙare ba a sake kawowa ba. Na ga aji yana rera jimlar Turanci da ƙarfi har a ji a titi, ka nuna wa yaro kalma ɗaya daga ciki ya tsaya yana kallonka. Makarantun kuɗi suka cika unguwa, iyaye suka fara auna ilimi da yawan Turancin da ɗan shekara huɗu yake furtawa, har ana cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Ni da kwalin sigari na yanka katuna, na rubuta gaɓoɓi a kai, na koma fitar da yara ƙasa suna zane da yatsa. Wanda ya iya haɗa gaɓa da Hausa, in an kawo masa Turanci a aji uku ba ya jin tsoron takarda, wannan na gani da idona shekara bayan shekara.

An sake ɗaura ɗamara da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato Yubi'i, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. A Kaduna an fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, azuzuwa suka sake tumbatsa. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malamai wajen 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne da yawa daga cikin malaman nan su ne yaran da suka wuce aji ɗaya a cunkushe ba wanda ya kama musu hannu. Har yanzu kuma, in hedimasta ya zauna rabon azuzuwa a farkon Satumba, gwanin malami aji shida ake kai shi saboda jarrabawar fita, aji ɗaya kuwa a miƙa wa sabon ɗauka ko wanda ya kusa ritaya, da yara fiye da yadda rajista ɗaya za ta ɗauka.