Iyakar fili da iyakar lokaci: tarihin dokokin kampe a bakin biron zaɓe a ƙasar Amurka

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bin diddigin dokokin da suka hana kampe kusa da biron zaɓe a ƙasar Amurka, daga ƙarni na 18 zuwa shekarun 2020. Za mu nuna cewa ƙasar ta zaɓi kare mai zaɓe da awon fili, alhali Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta sun fi dogara da awon lokaci. Sa'annan za mu duba yadda zaɓen wuri, wato kaɗa ƙuri'a kwanaki kafin ranar zaɓe, ya dagula wannan tsohon tsari.

1. Gabatarwa

Duk ƙasar da take shirya zaɓe sai ta amsa tambaya guda: a ina ɗan takara zai tsaya, ya bar mai zaɓe da zuciyarsa? Amsa iri biyu muka sani. Ta farko ita ce a tsaida kampe ɗungurum kafin ranar zaɓe. Haka dokar Faransa ta tanada, haka kuma aka yi a Nijar, misali a zaɓen 27 ga Disamba 2020, inda aka rufe kampe ranar 25 da tsakar dare. Ta biyu ita ce a bar kampe ya ci gaba, amma a shata da'ira kewaye da biron zaɓe a ce nan ba a shiga da shi. Wannan ita ce hanyar Amurka. Akwai ƙasashen da suka haɗa biyun: dokar zaɓe ta Najeriya ta 2022 ta tsaida kampe awa 24 kafin zaɓe, ta kuma hana neman ƙuri'a cikin mita 300 daga rumfa.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a Amurka kowace jaha ita ke tsara zaɓenta. Saboda haka babu awo ɗaya ga ƙasar duka, kuma tarihin da za mu bi tarihin dokokin jahohi ne da hukunce-hukuncen kotuna.

2. Zamanin zaɓe a bainar jama'a

A ƙarni na 18, a yankuna kamar Birjiniya, mutum yakan tsaya gaban malaman zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, ɗan takara yana zaune yana ji. Ciyar da masu zaɓe da shayar da su al'ada ce da aka gada daga Ingila, ko da yake majalisar Ingila ta haramta ta tun 1696. A zaɓen 1758 na majalisar Birjiniya, wakilin George Washington ya rarraba fiye da galan 140 na barasa iri-iri ga masu zaɓen da ba su kai 400 ba, kuma Washington ya ci. Jahar Kentaki ce ta ƙarshe da ta bar zaɓen baki, a 1891.

Da aka koma ga takarda ma sirri bai samu ba, domin jam'iyyu su ke buga takardun ƙuri'arsu, kowace da launinta da girmanta. Ƴan jam'iyya sukan tare ƙofa su miƙa wa mutum takarda, su bi shi da ido har ya jefa. Mai sayen ƙuri'a yana ganin abin da ya saya, maigidan aiki yana ganin abin da leburansa ya zaɓa. A birnin Baltimo, cikin shekarun 1850, ƙungiyoyin ƴan ta-kife masu ƙin baƙi sun yi suna wajen sukar masu zaɓe da basillar dukawa, kuma an yi asarar rayuka a zaɓuɓɓukan 1856. Akwai kuma dabarar kulle mutane a ɗaki kwana ɗaya ko biyu, a bugar da su, a riƙa zagayawa da su biro-biro suna jefa ƙuri'a.

Abin lura a nan shi ne, ta'asar ba a cikin akwati take faruwa ba. A kan hanyar zuwa akwatin take, cikin ƴan takun ƙarshe. Nan ne dokokin da suka biyo baya suka sa ido.

3. Ƙuri'ar sirri da shata da'ira

Maganin daga Ostareliya ya fito. A 1856 yankunan Biktoriya da Ostareliya ta Kudu da Tasmaniya suka kafa dokar ƙuri'ar sirri. Ingila ta bi sahu a 1872. A Amurka, birnin Luwisbil na Kentaki da jahar Masacuset su suka fara a 1888. A wannan shekara ce aka bankaɗo wasiƙar W. W. Dudley, ma'ajin jam'iyyar Rifablikan, wadda take umurtar wakilai a jahar Indiyana su kasa masu sayar da ƙuri'a biyar-biyar, kowane kashi a hannun amintacce mai kuɗi. Abin kunyar ya hanzarta gyara: kafin ƙarshen 1896 kusan kashi 90 cikin 100 na jahohi sun karɓi sabon tsari. Faransa ba ta kawo ɗakin sirri ba sai 1913.

Tsarin yana da ƙafa uku, kamar murhu: takarda ɗaya wadda hukuma ta buga da sunayen ƴan takara duka, ɗakin sirri, da fili kewaye da biro wanda aka hana kampe a cikinsa. Luwisbil ta shata ƙafa 50, kimanin mita 15. Jahar Niyok ta hana neman ƙuri'a cikin ƙafa 100, kimanin mita 30, awon da jahohi da yawa suka ɗauka daga baya. Hikimar a fili take: in mai saye ba ya ganin abin da aka zaɓa, kuɗinsa ya zama caca, in kuma ba ya iya tsayawa a ƙofa, barazanarsa ta rage kaifi.

Amma kada mu ɗauki gyaran nan a matsayin alheri tsantsa. A jahohin kudu, har da Tenesi, takardar hukuma ta zama tarko ga wanda bai iya karatu ba, kuma galibin waɗanda abin ya shafa baƙaƙen fata ne da aka ƴanta bayan 1865 da talakawan turawa. Da can jam'iyya takan miƙa wa mutum takarda shiryayya. Yanzu sai ya karanta da kansa, ba mai taimako. Dokar da ta kori ɗan ta-kife daga ƙofa ita ce ta kori wani ɓangare na masu zaɓe. Wannan fuska biyu za mu sake gamuwa da ita.

4. Abin da kotun ƙoli ta ce

Me ya hana Amurka tsaida kampe ranar zaɓe kamar Faransa? Gyara na farko na tsarin mulkinta, na 1791, wanda ya kare ƴancin magana. A 1962 aka kama editan wata jarida a Barminham ta jahar Alabama, James Mills, don ya buga sharhi ranar zaɓe yana kira ga jama'a su zaɓi sabon tsarin mulkin birni. A 1966 kotun ƙoli ta soke wannan doka. Tun daga nan ƙofar iyakar lokaci ta rufe, sai ta fili kawai ta rage.

Ita ma ta filin an kai ta shara'a. Mary Rebecca Freeman, ma'ajiyar kampe na wani ɗan takarar majalisar birnin Nashbil, ta ƙalubalanci dokar Tenesi ta ƙafa 100. A hukuncin Burson da Freeman na 1992, alƙalai 5 suka tabbatar da dokar, 3 suka ƙi. Alƙali Harry Blackmun ya kafa hujjarsa a kan tarihin da muka zayyana a sama: tun da tsoratarwa da maguɗi sun tabbata a baya, jaha tana da ikon kare ƴan daƙiƙun ƙarshe na tafiyar mai zaɓe. Alƙali John Paul Stevens, a madadin masu adawa, ya nuna cewa dokar ta fi cutar ƙananan ƴan takara marasa kuɗin talla a talabijin, waɗanda bakin biro shi ne wurin da za su iya gamuwa da jama'a. Wannan hujja ba ta rasa nauyi ba har yau.

Kotun ba ta faɗi iyakar nisan da ya halatta ba, don haka ƙananan kotuna suka saɓa. An amince da ƙafa 600 na Luwiziyana a 1993, amma an soke ƙafa 500 na Kentaki a 2004, aka sake soke ƙafa 300 nata a 2015. A 2018 kuma kotun ƙoli, da rinjayen 7 da 2, ta soke dokar Minesota mai hana sa tufafi ko baje na siyasa cikin biro. Kotun ta yarda jaha na iya hana irin wannan, amma ta ce kalmar siyasa ta yi faɗi da yawa, har ta bar wa kowane malamin zaɓe ya yi hukunci da son ransa.

5. Zaɓen wuri: rana ɗaya ta zama makonni

Dukan dokokin nan an gina su ne a kan zaton zaɓe na rana ɗaya a biron unguwa. Ranar ɗayar ma ba tsohuwa ba ce: sai a 1845 majalisar tarayya ta tsaida Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, kafin nan jahohi na da kwana 34 su zaɓi ranarsu. Sojojin yaƙin basasa sun yi zaɓe daga fagen daga a 1864, amma wannan lalura ce. Canji na gaske ya zo da Kalifoniya, wadda ta buɗe zaɓe ta gidan waya ga kowa a 1978, da Teksas, wadda ta buɗe zaɓen wuri ido da ido a 1987. A zaɓen 2020, lokacin annobar korona, fiye da mutum miliyan 100 daga cikin kusan miliyan 158 sun kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe.

Matsala uku suka biyo baya. Ta farko ta wuri ce: ana zaɓen wuri a ɗakunan karatu, da ofisoshin hukuma, har da manyan kantuna, inda jama'a ke kai-da-kawo don wasu buƙatu, kuma hanin da ya kasance na yini guda ya zama na mako biyu ko uku. Ta biyu ta yawan kwanaki ce. Majami'un baƙaƙen fata sun saba kwasar mabiyansu zuwa zaɓe bayan ibadar Lahadi, don haka rage kwanaki ba ya taɓa kowa daidai. Bayan hukuncin Shelby na 2013, wanda ya cire wa wasu jahohi tilascin neman izinin tarayya kafin canja dokar zaɓe, Karolina ta Arewa ta rage kwanakin daga 17 zuwa 10. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar a 2016 bisa dalilin wariyar launin fata. Ta uku ta akwatunan ajiye ƙuri'a ce, waɗanda ke tsaye a waje dare da rana. A Arizona a 2022 an ga masu sa ido, waɗansu da makamai, suna ɗaukar hoton masu zuwa. Alƙalin tarayya ya umurci ƙungiyar da ke shirya su ta ja da baya ƙafa 75, ya kuma hana su riƙe makami a fili cikin ƙafa 250.

6. Layi da ruwan sha

Misalin Jojiya shi ya fi tattara abin da muke nufi. A ranar farko ta zaɓen wuri, 12 ga Oktoba 2020, an samu waɗanda suka yi awa 10 a layi a yankin Atlanta. Ƙungiyoyi suka riƙa kai musu ruwa da abinci. A 2021 majalisar jahar ta kafa doka wadda ta tabbatar da kwana 17 na zaɓen wuri, amma ta mai da ba da abinci ko ruwa laifi cikin ƙafa 150 daga ginin, ko cikin ƙafa 25 daga kowane mai zaɓe a layi. An bar wa malaman zaɓe kawai su ajiye ruwan da kowa zai ɗiba da kansa.

Magoya bayan dokar suna da tarihi a hannunsu, domin daga barasar 1758 zuwa yau an san kyauta a bakin akwati kan zama toshiya. Masu adawa ma suna da nasu, na dokokin da aka yi da sunan tsabta suka kori talaka. Sabon abu a fuskar doka shi ne ƙafa 25 ɗin: da'ira ce mai tafiya, tana bin layi duk inda ya kai, ta yadda tsawon layi shi ke ƙara faɗin hanin. A watan Agusta 2023 alƙalin tarayya ya dakatar da wannan sashe, ya bar na ƙafa 150. A 2024 wata kotun tarayya ta soke makamancin wannan hani a jahar Niyok.

7. Kammalawa

Daga wannan bita muna iya fitar da abu uku. Na ɗaya, da'irar da aka shata a 1888 an yi ta ne don kare sirri, kuma duk dokar da ta yi nisa da wannan manufa kotuna sun fi saurin rushe ta. Na biyu, awon fili yana aiki ne muddin layi bai wuce da'ira ba. Inda hukuma ta kasa samar da isassun birori, rigimar ruwan sha alama ce kawai, ciwon yana ga tsawon jira. Na uku, doka ɗaya tana iya karewa kuma ta ware, saboda haka ba a auna ta da abin da aka rubuta kaɗai, sai an duba su wa ke tsaye a layi.

Ga ɗalibanmu masu nazarin zaɓuɓɓukan Nijar tun daga 1993, wannan ya buɗe fagen bincike. Tsarin rufe kampe kwana biyu kafin zaɓe ya kashe lasifika da gangami, amma bai amsa tambayar wanda ke tsaye a bakin biro ba: wakilin jam'iyya, da mai mota da ya kwaso mutane, da dattijon da kowa ke jin nauyinsa. Tarihin waɗannan ƴan takun ƙarshe a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, yana jiran mai rubuta shi.