Tarihin Dutsen Ural da Zuriyarsa Masu Haske

A shekarar 1839 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Gustav Rose, ya yi nazarin wani dutse da aka haƙo daga duwatsun Ural na ƙasar Rasha, da ya tabbata ba a taɓa siffanta irinsa a littattafan magabata ba sai ya raɗa masa sunan wani basaraken Rasha, Lev Perovski, shi ya sa har yau ake ce masa ferobiskait. Dutsen kansa ba ya ba da haske, kuma da ba domin tsarin ginin ƙwayoyinsa ba da tuni an manta da shi a akwatunan gidajen tarihi. A 1926 ne Victor Goldschmidt ya fayyace ƙa'idar wannan gini, watau cewa duk sinadaran da girman ƙwayoyinsu ya dace da juna suna iya zama bisa wannan tsari, ko da babu kalsiyam ko titaniyam irin na dutsen asali a cikinsu. Daga nan sunan ya tashi daga na dutse guda ya zama na zuriya mai yawa.

Reshen zuriyar da ya shafe mu shi ne wanda aka haɗa da dalma da ɗaya daga cikin aidin, buromin ko kulorin. An fara haɗa irinsa a Amurka tun 1893, Dieter Weber kuma ya samar da wani nau'insa a Jamus a 1978, amma duk wannan zamani ba a ɗauke shi a bakin komai ba illa abin sha'awar masana. A shekarun 1990 wasu masu bincike a Japan sun sa shi ya haskaka da lantarki, sai dai bai yarda ya yi haka ba sai cikin sanyin ruwan naitirojin, wanda ya kusa daraja 200 ƙasa da sifiri, fitilar da ke bukatar irin wannan hidima kuwa ba ta da mai saye. Bilhasali ta wata ƙofa daban ya shigo idon duniya, domin a 2009 Tsutomu Miyasaka da almajiransa suka yi farantin kama hasken rana da shi, ya mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken zuwa lantarki, kuma tun da sananne ne ga ma'abota wannan fanni cewa abin da ya iya shan haske da kyau lalle zai iya fitar da shi, ba a daɗe ba aka juya tambayar.

Amsa ta zo a 2014 daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda Zhi-Kuang Tan, a ƙarƙashin shaihin malami Richard Friend, ya nuna fitilar LED ta ferobiskait mai aiki cikin zafin ɗaki. Ma'aunin da ake auna ta da shi shi ne, cikin kowace ƙwayar lantarki ɗari da aka tura, ƙwayar haske nawa ta fito waje. Ta Kambirij ba ta kai ko ɗaya ba. Duk da haka masana suka himmatu, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: fitilar LED da muka sani ana gina ta ne cikin na'urori masu tsada a zafin da ya kai kimanin daraja 1,000, alhali wannan narka shi ake yi cikin ruwan sinadari a shafa a kan gilashi kamar yadda marini ke rina zane, launinsa tsantsa ne, kuma da sauya aidin da buromin ake mayar da ja ya zama kore.

Abin da ya biyo baya yaƙi ne da aibobin cikin ginin, wuraren da ƙwayar lantarki ke faɗawa ƙarfinta ya salwanta ya zama zafi. A 2015 Tae-Woo Lee na Koriya ta Kudu ya ƙanƙanta ƙwayoyin har kimanin nanomita 100, ya kuma hana ɓurɓushin dalma zalla taruwa, sai adadin ya haura kashi 8. A 2018 ƙungiyoyi da dama a Sin da Japan da Ingila suka ƙetare kashi 20, wasu ta hanyar zuba sinadaran da ke toshe aibobin, wasu kuwa, kamar na birnin Nanjin, ta barin fuskar abin ta yi gargada domin hasken da ke maƙalewa a ciki, wanda shi ne kaso mafi yawa, ya sami mafita. Tafiyar da ta ci wa fitilun da suka gabata shekaru masu yawa, wannan ya yi ta cikin huɗu.

A ganina, sauƙin nan da ya jawo masa farin jini shi ne kuma asalin illarsa, domin ginin da ya haɗu ba tare da wuta mai tsanani ba, ƙwayoyinsa ba su riƙe juna da ƙarfi ba, da zarar lantarki ya ratsa sai su fara ƙaura daga mazauninsu, fitilar ta dushe. Fitilun farko cikin mintoci suke mutuwa. A 2022 Lee, yana Jami'ar Ƙasa ta Seoul, ya ba da rahoton koriyar fitila mai kashi 28.9 wadda aka ƙiyasta za ta wuce sa'a 30,000 kafin haskenta ya ragu da rabi, amma ƙiyasi ne, kuma a haske matsakaici. Shuɗi ya fi kowane taurin kai, don idan aka gauraya kulorin da buromin sai su rabu a tsakiyar aiki, launin ya karkata zuwa kore; abin lura ne cewa a 2014 ɗin nan aka ba Akasaki da Amano da Nakamura lambar Nobel saboda shuɗiyar LED, wadda ita ma ta wahalar da na gabansu. Sa'an nan ga dalma, wadda duk wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubarta ta hallaka a Zamfara a 2010 ba zai raina maganarta ba, ko da kuwa abin da ke cikin fitila ɗan kaɗan ne. An gwada kuza a madadinta, sai dai kuza na saurin lalacewa idan ta haɗu da iska, kuma fitilun da aka yi da ita har yanzu suna bayan na dalma a haske.