Kifi da Shinkafa: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Ci a Argungu, da Asalinsa

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Argungu a lokacin bikin kamun kifi, ya tsaya a bakin Matan Fada ya ga dubban masunta sun auka ruwa a lokaci guda, kowa da goransa da homarsa, sa'an nan ya juya masauki ya ci irin abin da ya saba ci a garinsu, to, lalle ya yi kallo, amma da sauransa a sanin garin. Domin kuwa abin da ya riƙe Kabawa a wannan kwari shekaru ɗari biyar da suka shige, cikin zaman lafiya da cikin fitina, abu biyu ne, kifi da shinkafa, kuma ba a sanin darajarsu sai an wanke hannu an zauna gaban akushi.

Sanannen abu ne ga ma'abota tarihi cewa wajen shekarar 1516 Muhammadu Kanta ya kwance wa Askiya na Songhai ɗamarar biyayya, ya kafa daularsa ta Kabi, ya gina Surame da ganuwarta ta dutse wadda kufanta ke nan har yau. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, ƙarfin Kanta ya dogara ga ruwa kamar yadda ya dogara ga doki, domin Gulbin Kabi, wanda ake kira Rima, in damina ta yi nisa yakan tumbatsa ya malale fadama mai faɗin gaske, ya bar laka mai albarka da tafkuna cike da kifi. Da rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi a 1805, sarautar Kabi ta yi ta gudun hijira har ta sami mazauni a Argungu. Aka kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849, kuma daga nan har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, garin bai daina zaman ɗarɗar tsakanin Sakkwato da Gwandu ba. A ganina, wanda ya yi tambayar yadda ƙaramin gari ya jure wannan doguwar adawa, ya kamata ya dubi fadama kafin ya dubi ganuwa: ruwa ya hana dawakin abokan gaba sakewa watanni da dama a kowace shekara, kuma shi ne ya ciyar da mutanen da ke ciki.

Saboda haka tuwon shinkafa shi ne farkon abin da zan ce baƙo ya nema. Shinkafar da kakannin Kabawa suka sani ba daga Asiya ta zo ba. Iri ce ta ƙasar baƙar fata, mai jan ɓawo a jikin ƙwaya, wadda masana suka ce an fara nomanta a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali tun shekaru dubbai, kuma Ibn Battuta ya tarar ana cin shinkafa a can da ya ratsa ƙasar a 1352. Ɗabi'arta abin mamaki ce, ga wanda ya yi tunani cikin hikimar Mahalicci: ana shuka ta da ruwan farko tun gulbi bai kawo ba, in ambaliya ta zo sai karanta ya riƙa tsawo yana bin ruwan, kanta a sama kullum, har kaka ta yi a yanke ta, wani lokaci ma daga cikin jirgi. Shanshera in ta iso gida hanya biyu take bi. Wadda za a dafa da mai da yaji, ko da wake, mata sukan jiƙa ta su turara su shanya, ta zama gumi, don ƙwayar ta yi ƙarfi kada ta kakkarye a turmi. Wadda kuwa za a yi tuwo ko waina da ita, ɗanya ake surfe ta, domin tuwo yana son shinkafar da za ta narke ta bi muciya. Tuwon jar shinkafa ba shi da hasken da idon ɗan birni ya saba da shi, amma yana da ƙamshi da nauyi a ciki, irin wanda manomi zai ci da dare ya ɗumama saura da safe ya wuni a gona bai waiwayi gida ba.

Miyar da ke raka shi ita ma tana da nata labari. Kuka da kuɓewa da sure, wato yakuwa, da daddawar kalwa, duk tsofaffin 'yan ƙasa ne. Gishiri kuwa, kafin na kanti ya yawaita, daga kwarin Fogha na yamma ake kawo shi, inda Baturen Jamus Heinrich Barth ya ga masu dafa shi da ya bi ta Birnin Kabi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Kimba da masoro sun biyo fataken goro daga kurmi, suka sauka a kasuwanni irin ta Jega. Amma barkono da tumatir da gyaɗa asalinsu nahiyar Amurka ne, sai bayan jiragen Turawa sun fara zirga-zirga a teku suka shigo sannu a hankali, don haka zai yi wuya a ce Kanta ya taɓa ɗanɗana jar miya ko yajin ƙuli, alhali yau ba a raba kifin Argungu da su.

To, sai kifi, wanda shi ne ya kai sunan garin duniya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun sauƙaƙa al'amarinsa ƙwarai, domin a wurinsu abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka. Sai dai al'adar Kabawa ta ɗora masa ƙa'idojin da suka fi na kasuwa tsanani. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, kuma tun kafin a san bikin zamani akwai fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe wuraren su bayan an hana taɓa su tsawon lokaci, don kifi ya hayayyafa ya girma. Bikin da baƙi ke zuwa gani ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su, aka binne gabar da ta haura shekara ɗari. Kuma abin lura ne cewa da Kabawa suka tashi girmama babban baƙo, abincinsu suka nuna masa, suka fito da shi daga ruwa a gaban idonsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Giwan ruwa shi ne sarki a ranar gasa, har an kama mai nauyin kilo 78 a bikin 2020, kuma tsokarsa fara ce, mai kauri, marar yawan ƙaya, ta dace da suya ko da farfesu mai citta da kanumfari. Duk da haka, in da za a bi shawarata, baƙo kada ya tsaya a kansa. Kifin talakawa ya fi shi labari: tarwaɗa mai maiƙo wadda ke sa miya ta yi zaƙi, da karfasa da ake tsagawa a shafe da yaji a gasa a kan garwashi, da ragon ruwa, da bargi, da ƙurungu mai ƙaya a gadon baya wanda mai haƙuri kaɗai ke jin daɗinsa, da yauni wanda ake ajiye wa baƙon da ake jin nauyinsa. Har gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka in tafki ya ƙafe ta yi ta kwana har ruwa ya komo, tana da masu sonta.

Amma sana'ar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce banda. A ƙasar da zafin rana ke ɓata ɗanyen kifi kafin la'asar, kuma ranar fashin ruwa ana kama abin da gari ba zai iya cinyewa ba, dole hikima ta samo hanyar ajiya: a fede kifi a wanke, babba a yanyanka shi gunduwa-gunduwa, tarwaɗa a naɗe ta a haɗa kai da wutsiya a soke da tsinke, a jera a bisa wuta marar harshe, hayaƙi ya yi ta ratsa shi ana juyawa, har ruwan jikinsa ya tsane ya yi baƙi-baƙi yana ƙyalli. Wannan kifin shi ne guzurin matafiyi, shi ne abin miyar bazara, shi ne kuma hajar da ta haɗa Kabi da kasuwannin nesa. Kuma neman irin wannan arziki ne ya kai Sarkawa, masuntan da ke danganta kansu da Kabi, har ƙasar Yawuri da gaba da ita a bakin Kwara. Miyar kuka da aka marmasa bandar tarwaɗa a ciki, aka sa daddawa da ɗan man shanu, aka zuba a kan tuwon shinkafa, ita ce a wurina abincin Argungu na haƙiƙa, kuma ban ga abin da ɗakin cin abinci na zamani zai kawo ya kama ƙafarta ba.

Da hantsi akwai waina da sinasir, da rana akwai fura da nonon Fulanin da ke sauko da shanunsu fadama in ruwa ya janye; waɗannan baƙo zai same su ba sai ya yi cigiya ba.

Abin da ke damuna shi ne, ruwan da ya haifi wannan abinci ya sauya hali. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma ta biyo baya a 1984, ambaliya ta daina zuwa bisa tsohuwar al'adarta, tafkuna da yawa suka ragu, kifi ya ragu tare da su. Noman shinkafa kam ya bunƙasa, ba a musun wannan: a Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a 2015, a 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, mutane da yawa kuma sun sami abin rufin asiri. Sai dai shinkafar da ake nomawa yanzu galibi farar iri ce ta rani, wadda injin ban ruwa ke shayarwa, har ma hukuncin zakkarta ya bambanta, domin abin da ruwan sama ko gulbi ya shayar ushiri ake fitarwa, wanda kuwa aka shayar da wahala da kuɗi rabin ushiri ne. Tsohuwar jar shinkafa ba ta cika buhu kamar sabuwa, ƙwayarta na zuba in an yi jinkirin yanka, don haka manomi mai iyali ba abin zargi ba ne in ya bar ta. Amma irin da ya yi ƙarnuka yana koyon zama da ambaliyar wannan kwari, in ya ɓace, ba kuɗin da zai komo da shi.

Saboda haka baƙon da ya shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942 kafin a mai da ita gidan tarihi a 1958, ya ga makamai da kayan su na mutanen da, ya kyautu in ya fito ya ratsa kasuwa ya tambayi masu awo ko akwai jar shinkafa 'yar gida, ya sayi mudu biyu da bandar tarwaɗa, ya kai gidan mai masaukinsa. Ya kuma faɗa tun da wuri, kwana guda kafin ranar da yake so ya ci, domin sai an sake surfe ta, an bakace, an rege tsakuwa, kuma ta fi farar shinkafa daɗewa a kan wuta kafin ta yarda da muciya.