Wa ke fara ganin yaron? Horar da malamai da ma'aikatan lafiya kan ƙananan yara masu nakasa a Dawakin Kudu, Kura da Bunkure

Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tabbatar wa yaro mai nakasa haƙƙin karatu, amma masu ƙwarewar koyar da shi suna cikin birnin Kano, a Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero da makarantar masu nakasa ta Tudun Maliki. Matsayar wannan maƙala ita ce, a Dawakin Kudu da maƙwabtanta, horon da zai fi amfani shi ne wanda za a ba mutanen da yaron ke hannunsu tun bai kai shekara shida ba: ma'aikaciyar lafiya ta asibitin sha-ka-tafi, da malamar ajin share fagen firamare, da malamin allo.

Hujjar farko tana cikin yanayin yankin. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, magudanan noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam ke riƙe da ruwa rani da damina, sauro kuwa ba ya rasa wurin hayayyafa. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya barin yaro da farfaɗiya ko jinkirin magana, kamar yadda sanƙarau da ƙyanda kan tafi da ji. Irin wannan nakasa ba a haifi yaro da ita ba, saboda haka gwajin ranar haihuwa ba zai kama ta ba. Sai idon da ke ganin yaron a kai a kai. Ma'aikaciyar rigakafi tana ganin jariri a mako na 6, na 10, na 14 da wata na 9. Bayan ɗora shi a sikeli, idan an koya mata, za ta iya zagayawa bayansa ta tafa hannu ta ga ko zai waiwaya, ta tambayi uwar ko ya fara zama. Haka malamin allo: yaron da kullum ake biya masa karatu ba ya maimaitawa, kafin a kira shi daƙiƙi a ɗauko dorina, ya kamata a duba ko leɓen malam yake kallo don kunnen ba ya ji.

Za a iya cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mai horon 'yan kwanaki zai laƙaba wa lafiyayyen yaro nakasa, abin ya bi shi har girma. Tsoron yana da tushe, musamman inda ake danganta farfaɗiya da iskokai. Sai dai ba a nemi malami ya yanke hukunci ba. Aikinsa ya lura, ya rubuta, ya tura: matsalar ji zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, karkatacciyar ƙafa zuwa asibitin ƙashi na Dala, inda gyaran ya fi sauƙi tun ana jariri.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗin mota da lokaci, domin manomin da tumatirinsa ya nuna ba zai bar kwanduna a bakin gona ya tafi layin asibiti ba. Wannan ne ya sa horon bai kamata ya tsaya ga turawa ba. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu wadda ta girmi makarantun kurame, kuma akan samu masu iya ta a garuruwan yankin. Kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso tana iya ɗaukar irin waɗannan manyan kurame su koya wa ɗalibanta maganar hannun kafin a tura su sanin makamar aiki a makarantun Dawakin Kudu.